Babi na ɗaya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: da wanne ake farawa a rubutun kundi?

Ɗalibar Masta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Shawara nake nema a kan matakan rubutun kundin digiri na biyu. Fannina koyar da harshe ne, kuma batun da sashe ya amince min shi ne gyaran da malamai ke yi wa insha'in ɗaliban sakandare, wato abin da suke rubutawa da jan biro a jikin takardar yaro, da yadda hakan ke shafar rubutunsa.

Tun da aka amince da batun nake karatu ba ƙaƙƙautawa. Maƙalun da na sauke sun cika kwamfuta, wasu na karanta na ja layi, wasu ko buɗewa ban samu yi ba. Na zauna na rubuta babi na ɗaya na kai wa malamin da ke duba aikina. Da ya dawo min da shi bai taɓa ko waƙafi ba, sai dai ya rubuta jimla ɗaya a saman shafin farko: "Mece ce tambayarki?"

Abin da nake son sani shi ne: sai mutum ya gama karatu ne kafin ya fara rubutu? In haka ne, ta yaya zai san ya gama? Kuma babi-babi ake bi daga na ɗaya zuwa na biyar, ko akwai wani tsari? Sannan a wane mataki ake gyara? Ni duk sakin layin da na rubuta sai na tsaya a kansa ina gogewa ina sakewa, har yini ya ƙare ban wuce shi ba. Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya taimaka min.

Malam Mai Duba Kundi:

Wa alaikumus salam, Malama. Malaminki gata ya yi miki. Da ya bi babin layi-layi yana gyara miki nahawu, da kin koma kin ɓata makonni kina goge jimlolin da ƙila ba za su shiga kundin ba. Ya nuna miki inda matsalar take, kuma can ne matakin farko.

Abin da sashe ya amince miki batu ne. Batu ba a amsa shi, ba a kuma ƙaryata shi, shi ya sa mutum zai iya shekara yana karatu a kansa bai ji ya ƙoshi ba. Duk maƙalar da ta ambaci gyaran rubutu sai ki ga ta shafe ki. Tambaya ce kaɗai za ta ba ki ikon cewa "wannan ba tawa ba ce" ki rufe ta. Ga misali daga fanninki: idan malami ya rubuta wa yaro daidai a saman kuskurensa, da kuma idan ya ja layi kawai ya bar yaron ya nemo daidai ɗin da kansa, wanne ya fi rage maimaita kuskuren a insha'i na gaba? Kin ga wannan tana da amsa. Ana iya samun na farko ya fi, ana iya samun na biyu, ana iya samun babu bambanci. Kuma da jin ta kin san irin bayanan da za ki tattara. Ba na cewa ki ɗauki wannan, taki za ki nemo. Ni dai abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su faɗi tambayarsu da baki, ba takarda a hannu, ga wanda ba fanninsu ɗaya ba. In mai sauraro ya ce "to, me kike son ganowa ke nan?", da sauran aiki.

Maganar gama karatu kuwa, ba a gamawa. Akwai dai alamar da ke nuna kin kai inda za ki iya tsayawa da ƙafarki: ki buɗe sabuwar maƙala, ki duba manazartanta, ki ga yawancin sunayen kin riga kin san su, kin kuma san abin da kowa ya tsaya a kai. Amma kada ki jira wannan ranar kafin ki fara rubutu. Karatun da ba a rubuta komai a kansa ba gushewa yake yi. Duk maƙalar da kika karanta, kafin ki buɗe ta gaba, ki rubuta 'yan layuka da kalmominki: me marubucin ya tambaya, a kan su wa ya gwada, ta yaya, me ya samu. Sai layi na ƙarshe, wanda ya fi sauran muhimmanci a wurina: ke me kika gani? Kin gamsu? Yaran da ya gwada sun yi kama da naki? Ya bi su har bayan wani lokaci, ko washegari kawai ya auna? Waɗannan layukan na ƙarshe su ne za su zama muryarki a babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata.

Bari in daɗe a kan babi na biyun nan, don a nan nake ganin kundi yana mutuwa ko yana rayuwa. Yawancin bitar da ake kawo min haka take tafiya: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, su wane sun ce kaza, sakin layi bayan sakin layi, kowa da nasa, ba wanda ya yi magana da wani. In na kai ƙarshe sai in tambayi ɗalibin: to su waye suka saɓa? Sai shiru. Alhali fanninki ma yana da sananniyar jayayya. A 1996 John Truscott ya wallafa maƙala yana cewa gyaran nahawu a rubutun masu koyon harshe na biyu ba shi da amfani, har ma yana cutarwa, don haka a daina. A 1999 Dana Ferris ta mayar masa da martani, ta ce hujjojinsa ba su kai a yanke wannan hukunci ba. Bincike mai yawa da ya biyo baya ƙoƙarin raba wannan gardama yake yi. To, bitar da aka gina a kan gardamar za ta fara ne da saɓanin, sannan ta jera masu bincike gwargwadon ɓangaren da sakamakonsu ya ƙarfafa, ta nuna dalilin da ya sa suka samu amsoshi daban-daban: wani manya ya gwada, wani yara, wani kuskure iri ɗaya ya bi, wani duka ya haɗa, wani gyaran tsohon rubutu ya auna, wani sabon rubutu. In kika rubuta ta haka, giɓin da aikinki zai cike da kansa zai bayyana, ba sai kin ƙirƙiro shi ba.

Yanzu tsari. Jerin da ake karanta kundi da shi daban ne da jerin da ake rubuta shi. A 1981 Linda Flower da John Hayes sun fitar da bayanin yadda rubutu ke gudana a kan mai rubutu, bayan sun sa mutane suna rubutu suna faɗin abin da ke zuwa musu a rai. Sun ware ayyuka uku: tsarawa, mayar da tunani jimloli, da bita. Abin da suka jaddada shi ne ayyukan nan ba sa bin layi ɗaya. Mai rubutu yana cikin bita sai ya koma tsarawa, yana cikin rubuta jimla sai ya gano manufarsa ce ba ta fito ba. Saboda haka matakai suna nan, ba ƙarya ba ne, sai dai za ki riƙa komawa baya, kuma komawar ba alamar gazawa ba ce.

Ga yadda nake bi da nawa ɗaliban. Bayan tambaya ta tsaya, sai shafi ɗaya da ke nuna abin da kowane babi zai yi, ba kanun babi kawai ba, jimla cikakkiya ga kowanne. Daga nan babi na uku, dabarun bincike, domin shi ya fi sauƙin rubutawa: abin da za ki yi ne kike faɗa, su wa, nawa, da wane ma'auni. Yana kuma tona asirin tambayar da ba ta nuna ba, don in kin kasa faɗin yadda za ki auna abu, ba ki san abin da kike nema ba tukuna. Sai daftarin babi na biyu daga waɗancan 'yan layukan da kika tara. Sai tattara bayanai, sai babi na huɗu da na biyar, na sakamako da na kammalawa. Babi na ɗaya za ki yi masa zubin farko tun da wuri don sashe na buƙatarsa, amma rubutunsa na gaskiya a ƙarshe ne, lokacin da kin san abin da kike gabatarwa. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin gaba ɗaya, shi ne na ƙarshe baki ɗaya.

Idan kin zo sake gabatarwar, akwai tsarin da John Swales ya fitar a 1990 bayan ya nazarci yadda masu bincike ke buɗe maƙalunsu. Taku uku ne: a nuna fagen da muhimmancinsa, a nuna abin da ya rage ba a warware ba, sannan a faɗi abin da wannan aikin zai yi a kai. Ki duba babin da aka dawo miki da shi. Ina kyautata zaton takun farko ne ya cinye shafukan duka.

Mai Ɗakin Gwaji:

Allah ya ƙara basira, Malam. Na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma akwai wuri ɗaya da nake so a ja wa Malama kunne, don kada ta fahimci maganar komawa baya fiye da yadda kake nufi.

Sake rubuta gabatarwa a ƙarshe daidai ne. Sake hasashe a ƙarshe kuwa wani abu ne daban. Idan tun farko kin yi hasashen jan layi zai fi, sai sakamako ya nuna akasin haka, ba ki da damar komawa babi na ɗaya ki juya hasashen kamar dama abin da kika zata ke nan. Norbert Kerr ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a a 1998, ya nuna yadda take sa abin da aka tsinta bisa dace ya yi kama da abin da aka gwada aka tabbatar. A fannin likitanci an ɗauki irin wannan matsala da zafi. Tun 2005 manyan mujallun da ke ƙarƙashin kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya suke sharɗanta a yi wa gwajin magani rajista kafin a fara ɗaukar marasa lafiya, domin a san abin da aka ce za a auna tun ba a ga sakamako ba. Ke ba magani kike gwadawa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: ki rubuta hasashenki da ma'auninki, ki sa kwanan wata, ki ajiye. In kin gano wani abu da ba ki nema ba, ki faɗe shi a matsayin abin da ya ɓullo, ki ba da shawarar a bincike shi. Hasashen da bai tabbata ba shi ma sakamako ne, kuma ana cin jarrabawar kare kundi da shi.

Sannan tunda yara za ki yi aiki da su, ki saka neman izini a cikin matakanki: kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, hukumar makaranta, da iyaye. Yana ɗaukar lokaci, kuma ba a nemansa bayan an tattara bayanai.

Game da babi na huɗu, ni jadawali da zane nake fara yi kafin in rubuta jimla ko ɗaya. In jera su, in rubuta a ƙarƙashin kowanne abin da yake nunawa. Wanda na rasa abin faɗa a kansa sai ya koma rataye, wato ƙarin shafukan da ke ƙarshen kundi. Kuma ki raba abin da kika samu da abin da kike ganin yana nufi, kada su cakuɗe a sakin layi ɗaya.

Ma'aikaciyar Laburare:

Ƙanwata, ni tambayarki ta ƙarshe ce ta taɓa ni, wadda kika ce yini na ƙarewa a kan sakin layi ɗaya. Ina ganin masu irin wannan kullum a teburin karatu, mutum ya rubuta layi biyu ya goge uku. Aiki biyu kike haɗawa lokaci guda, rubutawa da hukuntawa, kuma ba sa jituwa. A daftarin farko ki bar jimla ta fito yadda ta zo. Inda kika rasa kalma ko madogara, ki sa alama ki wuce.

Nancy Sommers ta kwatanta ɗalibai 20 da gogaggun marubuta 20 a wani nazari da ta wallafa a 1980. Ta samu ɗaliban sun ɗauki bita a matsayin sauya kalma da kalma da cire maimaici, su kuwa gogaggun suna komawa ne su nemo siffar hujjarsu, su matsar da sassa, su zubar da wasu. Shi ya sa nake cewa a yi gyara daga babba zuwa ƙarami. Zagayen farko na hujja ne: ki bi babin, ki rubuta a gefen kowane sakin layi abin da yake yi cikin 'yan kalmomi, sannan ki karanta na gefen kaɗai daga sama har ƙasa. Nan take za ki ga inda kika maimaita, da inda kika tsallake, da sakin layin da kika rasa abin rubutawa a gefensa saboda ba ya yin komai. Zagaye na biyu na jimloli ne, shi kuma da murya ake yin sa, ki karanta a bayyane, inda numfashinki ya yanke jimlar ta yi tsawo. Ƙa'idojin rubutu da waƙafi su ne na ƙarshe. Kuma ki bar babi ya kwana biyu kafin ki koma masa.

Manazarta kuwa ba matakin ƙarshe ba ne, ko da yake a ƙarshen kundi suke zama. Daga yau duk abin da kika sauke ki shigar da shi manhajar adana madogara. Zotero kyauta ce, tana aiki da Word, tana kuma jera manazarta da salon da kika zaɓa. Ki tambayi sashenku salon da suke bi da kuma bugu na nawa. Idan salon APA ne, wato na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, bugu na 7 ya fito a 2019, kuma ya sauya wasu abubuwa: aikin da marubutansa suka kai uku ko fiye, sunan na farko kawai ake ambata a cikin rubutu tun daga karon farko, kuma an daina sa garin da aka buga littafi. Manhaja takan ɗauko bayani da kuskure, don haka sai kin bi da idonki.

Abu ɗaya da nake roƙonki: duk lokacin da kika kwafo kalmomin wani zuwa cikin bayananki, a take ki sa musu alamar zance da lambar shafi. Da yawa daga waɗanda ake kamawa da satar fasaha ba da niyya suka yi ba. Watanni ne suka wuce, suka buɗe bayanansu, suka kasa bambance jimlarsu da ta wani. Sannan ki ajiye kwafin aikinki a wuri fiye da ɗaya, kowane daftari da kwanan watansa.

Ɗalibar Masta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malam, gaskiyarka, na koma na duba babin, takun farko ne daga farko har ƙarshe. Dakta, na rubuta maganar izini a jerin abin da zan tambaya a sashe. Yaya, na fara shigar da maƙalun a Zotero.

Na gwada tsayar da tambaya, ga ta, a duba min: "Wane tasiri nau'o'in gyaran malamai suke da shi a kan ingancin rubutu da sha'awar rubutu ta ɗaliban sakandare?"

Malam Mai Duba Kundi:

Madalla, Malama, kin matso. Dakta kuma na gode da wannan ƙarin, haka nake nufi, gara da ka fito da shi fili.

Tambayarki har yanzu biyu ce a cikin riga ɗaya. Ingancin rubutu a takardar yaro ake ganin sa, sha'awa kuwa sai an tambayi yaron, ta hira ko takardar tambayoyi. Ma'auni biyu ke nan, bita biyu, kusan kundi biyu. A digiri na biyu ki ɗauki ɗaya. In zuciyarki ta fi karkata ga sha'awa, ba laifi, amma ki sani karatunki zai koma wani fage daban da na Truscott da Ferris.

In inganci kika zaɓa, sauran wurare uku ne za ki cike. "Nau'o'in gyara": waɗanne? Ki ambaci biyu, ko uku in za ki sa rukunin da ba a yi wa gyaran nahawu ba don kwatantawa, wanda kuma sai kin yi tunanin yadda ba za a tauye yaran ba, misali a yi musu nasu gyaran bayan an gama gwajin. "Ingancin rubutu": me za ki ƙirga? Kuskuren nahawu iri kaza a cikin kowace kalma 100 abu ne da mutum biyu za su ƙirga su samu kusan lamba ɗaya. Tsarin tunani a insha'i kuwa sai da ma'aunin maki da masu dubawa biyu. "Ɗaliban sakandare": wane aji, kuma da wane harshe suke rubutun, na farko ko na biyu? Sai ki ƙara lokaci: a sabon insha'i za ki auna, ba a wanda aka gyara aka sake kwafewa ba, kuma zai fi kyau ki sake aunawa bayan wasu makonni don a ga ko abin ya zauna.

Ki cike waɗannan, ki rubuta tambayar a saman farar takarda, a ƙarƙashinta sakin layi ɗaya na yadda za ki amsa ta. Wannan shafin za ki kai wa malaminki, ba babin ba. Kafin ki je, ki leƙa maƙalun da ba ki buɗe ba, ki karanta tsakurensu kawai, ki ware waɗanda suka auna sabon rubutu. Da su za ki fara.